Duwatsun da Sufeto Ya Rushe

A taƙaice, ga abin da ya faru. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, Orval Beckstead, ma'aikacin gwamnati mai ritaya ɗan shekara sittin da takwas, da matarsa Nola, 'yar shekara sittin da shida, sun sa hannu a littafin masu shiga Kwazazzabon Alfadari, a kudancin jihar Utah, da ƙarfe bakwai da minti goma na safe. A gurbin lokacin dawowa sun rubuta ƙarfe ɗaya na rana. Sun dawo ƙarfe bakwai da rabi na yamma, su biyu, kowa da ƙafarsa. Ba a tura kowa nemansu ba, ba a kuma tuhumi kowa da laifi ba.

Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san irin wannan taƙaitawa. Babu ƙarya a cikinta ko ɗaya, kuma ba ta gaya wa mutum komai ba.

Shekara talatin da ɗaya Orval ya yi yana duba gine-gine a wata ƙaramar hukuma can arewacin jihar. Aikinsa shi ne ya je gidan mutum da tef ɗin awo, ya dubi rumfar mota ko ɗakin kaji da aka ƙara ba tare da izini ba, ya manna jar takarda a jiki, ya ba da kwana talatin a rushe. Ba mugun mutum ba ne. Shi dai idan ya ga abu a karkace, ji yake kamar tsakuwa ta shiga takalminsa, kuma ba ya samun sukuni sai an cire ta. Ritaya ba ta warkar da wannan ba.

Nola kuwa shekara ashirin da shida ta yi tana dafa wa 'yan firamare abincin rana, aikin da ya bar mata ƙafa mai sauri, da baki mai sauri, da kunnen hagu wanda ƙarar injin wanke kwanuka ta kashe. Tana kiran mijinta Sufeto. Shi kuma tun haihuwar 'yarsu ta fari yake kiranta Mama, har ya zama idan ya ji wani ya ce Nola, sai ya ɗan yi jim kafin ya gane wadda ake nufi.

Ita ce ta so tafiyar. Shekara tara wani hoto da ta yanko daga kalandar kantin magani yana manne a ƙofar firijinsu, hoton wani ƙaton jan dutse mai ƙofa a tsakiyarsa, wanda iska da ruwa suka fafe, sararin sama na leƙowa ta ciki. A wannan shekarar ta ce ko dai a je ta gan shi da idonta, ko ta cire hoton ta daina yi wa kanta ƙarya. Orval ya sayi taswira, ya buɗe fayil.

Ga kowa tafiyar ta yini ɗaya ce. Su kwana biyu suka yi a tsohuwar motarsu a-kori-kura, domin Orval ba ya wuce mil hamsin da biyar a awa, ko da titi ya miƙe sambal babu kowa a kai sai shi.

"Sufeto," in ji Nola a rana ta biyu, "motar shanun nan da ta wuce mu yanzu, ba ita ce ta ɗazu ba?"

"Wata ce."

"Ita ce. Ga saniyar nan mai farin goshi, har ta gane ni. Sun tsaya, direban ya ci abinci, ya yi barci, sun sake wuce mu."

"Mu dai za mu isa da ranmu, Mama."

"Su ma shanun da ransu za su isa. Kuma za su riga mu."

A gari na ƙarshe kafin kwalta ta ƙare suka kwana, garin da bai wuce gidan mai da coci da masauki mai ɗaki takwas ba. Da yamma suna cin gasasshen nama da dankali a ɗakin abincin gidan man, Orval ya ɗauki wata jaridar kyauta da ake ajiye wa baƙi. A shafi na uku ya ci karo da abin da ya ɓata musu Laraba.

A ƙasar falalen dutse, inda ƙafa ba ta barin sawu, da tsibin duwatsu ake nuna hanya: a ɗora uku ko huɗu wuri ɗaya, mai tafiya ya tsaya a wannan ya hango na gaba. Labarin ya ce 'yan yawon buɗe ido sun ɓata abin. Kowa ya zauna hutawa sai ya gina nasa don ya ɗauki hoto, har mutane suna bin na bogi suna ɓata. Marubucin ya rufe da cewa ya kamata a yi wani abu.

Orval ya karanta wannan jimla sau biyu. A duk tsawon aikinsa, idan aka ce ya kamata a yi wani abu, da shi ake. Bai dai gaya wa Nola ba, domin tun suna fitowa daga gida ta gargaɗe shi cewa ba aiki suka zo ba, kuma in ta gan shi yana auna ko da matakalar masauki ce, a nan za ta bar shi.

Washegari suka yi mil ashirin a hanyar burji mai girgiza haƙora, suka ajiye mota a bakin kwazazzabon, suka sa hannu a littafin da ke cikin akwatin ƙarfe. Kowa ya goya galan ɗaya na ruwa, da burodi mai niƙaƙƙiyar gyaɗa, da lemu biyu.

Kwazazzabon Alfadari ba rami ba ne da ake sauka kai tsaye. Hawa-hawa ne na jan dutse, wani ƙarƙashin wani, kuma kowane hawa yana da kafa ɗaya tak da ake bi a sauka zuwa na ƙasa da shi. Daga sama mutum yana ganin komai shimfiɗe kamar abinci a faranti, har ya yi mamakin me ya sa ake buƙatar alama.

Tun a bakin gaɓa Orval ya lura tsibin duwatsun iri biyu ne. Kusa da wurin ajiye motoci akwai dogaye masu kyau, babban dutse a ƙasa, ƙanana a sama, a miƙe kamar an sa ma'auni. Akwai kuma gajeru munana, duwatsu uku ko huɗu da aka jibge a gurguje, wasu ma sun jingina da juna kamar mashaya. Bai ɓata lokaci ba wajen yanke hukunci. Shekara talatin da ɗaya sun koya masa cewa aikin da aka yi bisa ƙa'ida a miƙe yake, aikin da aka yi a sace kuwa a gurguje ake yin sa. Saboda haka dogayen na hukuma ne, munanan na 'yan hoto ne.

Nola ta shiga gaba, kamar kullum, da sandarta da faffaɗar hularta. Orval ya biyo baya. Da suka wuce mummunan tsibi na farko, ya sa ƙafar dama ya ture shi a hankali. Duwatsun suka watse a kan falalen. Ya ji wani sanyi a ransa wanda rabonsa da shi tun ranar da ya miƙa makullin ofis. Ya ce a zuciyarsa, ɗaya.

Gaskiya ne ya lura cewa bayan hawa na farko dogayen sun ƙare, sai munanan kaɗai, kuma su Nola take bi. Ya ɗauki wannan a matsayin shaida biyu: hukumar da ke kula da filin ba ta da isassun ma'aikata, kuma 'yan hoto sun yi ɓarna fiye da yadda jarida ta faɗa. Hanya dai a bayyane take ga duk mai ido.

"Me kake yi a baya ne, Sufeto? Mafitsarar ce kuma?"

"Igiyar takalmi ce, Mama."

"Takalmin nan naka ya fi jariri neman kulawa."

Iska tana kaɗawa, kuma kunnenta na hagu ne yake wajensa. Lokacin da suka taka ƙasan kwazazzabon, ƙarfe tara da rabi, Orval ya ture tsibi arba'in da uku.

Daga nan mil ɗaya ne a cikin busasshen rafi zuwa dutsen mai ƙofa. Nola ta tsaya a ƙarƙashinsa, ta cire hula, ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallonsa. Daga bisani ta ce, "To. Ashe da gaske akwai shi." Suka zauna a inuwarsa awa guda, suka ci burodi, suka sha ruwa yadda mutum yake sha idan ya san nan da awa biyu yana cikin mota. Sha ɗaya da rabi suka juyo, kowa da ƙasa da rabin galan.

A nan ne kwazazzabon ya sauya fuska. Abin da daga sama yake shimfiɗe kamar faranti, daga ƙasa bango ne. Bango ja a dama, bango ja a hagu, kowanne da tsaga ɗari, kuma kowace tsaga tana kama da wadda suka sauko ta ciki, tana kuma kama da wadda ba su taɓa gani ba. Ƙasan rafin tsakuwa ce da dutse, babu sawu.

"A daidai wani dutse mai kama da kan kare muka sauko," in ji Orval. "Na riƙe shi."

"Wannan?"

"Shi ne."

"To wancan fa?"

Orval ya duba. Wancan ma kan kare ne. Na bayansa ma haka. Ya buɗe taswira, ya juya ta, ya sake juya ta. Taswirar ta nuna layi mai ɗigo-ɗigo yana hawa bango, amma ba ta ce wane ɓangaren bango ba. Wayar hannu tun jiya ta daina magana da kowa.

"Akwai ɗan tsibi a daidai wurin," in ji Nola. "Na tuna, don har na kusa tuntuɓe da shi. Mu neme shi kawai."

Orval ya ce, "Uhm."

Suka yi gaba, suka dawo, suka sake yin gaba. Can sai Orval ya hango, a bakin wata tsaga ta hannun dama, dogon tsibi mai kyau, a miƙe kamar soja. Daga shi kuma ga wani can sama. Nan take ya nuna wa Nola da yatsa.

"Ga na hukuma nan, Mama. Dubi aiki. Dubi gindinsa."

"Ban tuna mun wuce wannan ba."

"Kina gaba kina sauri, me za ki tuna?"

Suka bi. Rana tana tsaka, dutse ya ɗauki zafi har ana ji ta tafin takalmi. Suka hau da hannu da gwiwa, daga dogon tsibi zuwa dogon tsibi, kuma ga mamakin Orval, hukumar da ɗazu ba ta da ma'aikata yanzu ta zuba alama duk taku goma. Bayan awa ɗaya da kwata tsagar ta buɗe, suka shiga wani lungu mai inuwa, zagaye da bango santsi wanda ko akuya ba za ta gwada ba. A ƙasan lungun akwai dogayen tsibi sun fi ɗari, jere kamar kasuwa. An shirya tsakuwa a siffar zuciya, da haruffan sunayen wasu masoya a ciki. Ɗaya daga cikin tsibin an sa masa karyayyen tabarau.

Orval ya tsaya yana duban tabaran. Ya yi ƙoƙari, da gaske, ya tuno wata hukuma da ke sa wa alamar hanya tabarau. Sannan a hankali wani tunani ya shigo masa, irin wanda mutum yake so ya ce masa ya dawo gobe. Wanda yake da lokacin zaɓen duwatsu ya jera su a miƙe, mutum ne da ke zaune a inuwa ba shi da aikin yi. Wanda aka ba mil biyar na bango ya sa wa alama kafin rana ta yi zafi, jibgewa zai yi ya wuce, gajere mai faɗi, yadda iska ba za ta kayar ba.

"Wannan ai wurin wasan yara ne," in ji Nola. "Sufeto, ina ka kawo mu?"

Orval ya kau da kai. Yana lissafi ne, kuma lissafin kullum arba'in da uku yake ba shi.

Saukowa ta fi hawa wuya. Ƙarfe biyu ta wuce lokacin da suka dawo rafin, kuma ruwan da ya rage musu su biyu bai cika kwalba ɗaya ba. Suka sake bin gindin bango. Orval ya gwada wata tsaga, ta ƙare a kan dutse mai sulɓi. Ya gwada wata, ta dawo da shi inda ya fara, har ya ga wata mata zaune da faffaɗar hula ya ɗaga mata hannu da murna, kafin ya gane matarsa ce. Ya daina sanin ko dutsen mai ƙofa yana gabansu ne ko bayansu. Wani hankaka ya sauka a kan ɗaya daga cikin kawunan karnukan ya zuba musu ido.

Abin da ya tsorata shi ba ƙishi ba ne. Nola ce ta daina tsokanarsa. Ta zauna a 'yar inuwar wani dutse, fuskarta ta yi ja, goshinta a bushe ƙamas babu gumi. Ya miƙa mata kwalbar, ta kurɓa kaɗan ta mayar.

"Orval," ta ce. Ba ta ce Sufeto ba. "Akwai duwatsu da muna saukowa, ko?"

"Me?"

"Ƙananan tsibi. Ni dai na ga kamar ina bin su, ɗaya bayan ɗaya, tun daga sama. Na ga kamar har na kusa tuntuɓe da na ƙarshe. Amma mun wuce nan sau huɗu, babu ko ɗaya. Dutse ba ya tashi ya tafi." Ta dubi hannuwanta. "Haka mahaifiyata ta fara. A daidai shekaruna. Ta ce ta ajiye abu, a duba babu, ta rantse ta gani. Idan ni na ƙirƙiro su a kaina, to ni na kawo mu nan, na sa ka biyo mahaukaciya cikin rami."

A rayuwarsa ta aiki Orval ya sha tsayawa gaban mutane masu kuka, da masu zagi, da wani guda mai bindiga, bai taɓa janye jar takarda ba. Ya duba ko akwai wata hanyar da zai bi ya wuce wannan magana. Babu, kamar dai bangon.

"Akwai su, Mama. Kin gan su."

"Kada ka lallashe ni."

"Arba'in da uku ne. Na san adadinsu domin ni na rushe su."

Ta juyo masa da kunnen dama. "Sake faɗa ta nan."

Ya sake faɗa. Ya kawo jaridar, da shafi na uku, da bambancin aikin ƙa'ida da aikin sata, da igiyar takalmin da ba ta taɓa kwancewa ba. Ya yi bayanin a tsare, kamar rahoto, domin bai san wata hanyar yin bayani ba.

Nola ta ɗago ta dube shi. Sannan jinin jikinta, wanda ɗazu ya yi kamar zai tsaya, ya samu dalilin gudu.

"Orval Dean Beckstead."

"Na'am."

"Ina gaba ina nemo mana hanya, kai kana baya kana sharewa."

"A lokacin na ɗauka..."

"Arba'in da uku! Ko sau ɗaya ƙafarka ba ta ce maka, kai tsoho, ta ina za ka koma ba? Na zauna nan ina binne kaina da raina, ina tunanin wa zai riƙa tuna maka maganin hawan jini in an kai ni gidan tsofaffi, ashe lafiyata ƙalau, miji ne ba ni da shi!"

"Kada ki ɗaga murya, Mama, yana ƙara ƙishi."

"Zan mutu da ƙishi ina ɗaga murya, kuma sunanka zan riƙa kira!"

Ta jingina da dutsen tana haki. Da ta sake magana, muryar ta koma irin wadda take ba da umarni da ita a ɗakin girki.

"Jifa ka yi da su, ko turewa?"

"Turewa. A hankali."

"Da ƙafa?"

"Ta dama."

"To suna nan inda ka bar su. Ka daina neman tsibi, ka daina neman kan kare. Nemo min duwatsu uku ko huɗu a watse a kan falale, inda babu dalilin zamansu. Ni ba zan tashi daga inuwar nan ba sai ka samu. Tafi."

Ya tafi, kansa a sunkuye, yana bin gindin bango kamar mai neman allura. Minti arba'in ya yi. Ya same su a bakin wata 'yar tsaga da ba ta kama da komai, wadda suka wuce sau huɗu: duwatsu huɗu baƙaƙe a kan jan falale, sun watsu gefe guda kamar yadda ƙafar dama take watsa abu. Ya yi kira. Ya sake kira, ya tuna kunnen, ya koma ya taho da ita.

Tsarin da Nola ta kafa mai sauƙi ne. Zai tara duwatsun ya mayar da tsibin, ita ta zauna a wurin. Shi ya hau ya nemo na gaba, ya gina, ya tsaya kusa da shi. Sai ta hango shi sannan ta tashi. Ta haka ba za ta yi taku ɗaya na banza ba, kuma in ya ɓata, yana da wurin dawowa.

Ya durƙusa a kan na farko, ya zaɓi babban dutse ya sa a ƙasa, ya ɗora na biyu, ya ga ya ɗan karkace, ya cire ya juya shi.

"Me kake yi?"

"Gindin ne bai zauna ba."

"Jibga shi, Orval! Mummuna nake so! In na ga tsibi mai kyau yau, da shi zan fasa maka kai."

Ya jibga. Ya ji zafin abin har cikin haƙoransa, amma ya jibga.

Haka suka yi ta hawa, yana ƙirgawa da baya. Arba'in da biyu, arba'in da ɗaya. Wani ya same shi cikin minti biyu, wani sai ya yi dama ya yi hagu ya dawo ya sake. Sau biyu ya gina tsibi da duwatsun da Allah ne ya ajiye su a wurin ba shi ba, ya kai su ga bango, dole ya koma ya rushe, wannan karon bisa gaskiya. Wajen na talatin lissafin ya rikice masa, ya kasa tuna ko talatin ya gina ko talatin suka rage, Nola ta ce ya bar ƙirga ya yi aiki. Bai bari ba, a ɓoye ya ci gaba.

A wani hawa mai kunkuntar baki suka tsaya cik. Babu duwatsu ko ɗaya. Wurin gangare ne, duk sun gangara ƙasa tun da safe. Orval ya je dama, hawan ya ƙare a sarari. Ya je hagu, haka. Ya dawo ya tsaya yana juyawa a wuri ɗaya, leɓɓansa sun tsage, ya ce shi a ganinsa wannan hawan ba ya nan da safe.

Nola ta taso da kanta, tana dogara sanda, tana duban ƙasa da idon da ya shekara ashirin da shida yana gano inda aka ajiye tukunya a kan tebur ba a goge ba.

"Ga shi nan," ta ce.

Wani ɗan da'ira ne a kan dutsen, launinsa ya fi na kewaye haske, da 'yar ƙasa da iska ta tara da kashin ɓera. Shekaru tsibin ya yi a wurin. Daga daidai nan, in mutum ya ɗaga kai, sai ya ga wata kafa a bayan wani dutse, wadda ba a ganinta daga ko'ina sai nan. Orval ya kwaso duwatsu daga nesa a cikin rigarsa ya mayar da tsibin.

Ruwa ya ƙare saura tsibi goma sha biyar. Nola ta raba lemun ƙarshe, ta ba shi ɓare uku ta ci biyar, ta ce rabon adalci ke nan kuma yana iya ɗaukaka ƙara. Daga nan harshe ya yi musu nauyi. Rana ta sauka, bangon ya koma ja kamar garwashi, inuwa ta rufe su, wannan ne ma ya taimaka. Ta riƙa zama a gindin kowane tsibi idonta rufe, sai ya kira ta buɗe. Sau ɗaya ya kira ba ta buɗe ba. Ya sauko a guje, a shekarunsa, ya durƙusa ya riƙe fuskarta.

"Ina ji," ta ce. "Ina so ne in ga ko za ka sauko."

Na ƙarshe, wanda shi ne na farko da safe, yana kan hawa na can sama, a inda ake hango rufin motar. Orval ya jibga shi da hannuwan da fatarsu ta saɓule. Suka wuce dogayen tsibi masu kyau na bakin gaɓa. Ya dube su, ƙafarsa ta dama ta ɗan motsa. Nola ta ce, "Ko da wasa." Ya wuce.

A bayan mota akwai jarkar ruwa da ta yini a rana, ruwan ya yi ɗumi kamar shayi. Suka zauna a ƙasa, suka jingina da taya, suna miƙa wa juna. Sai da ta sha sau biyar, gumi ya dawo goshinta, sannan ta ce, "Sufeto, ba ni makullin." Ya ba ta. Ita ta tuƙa su zuwa gari, kuma da suka hau kwalta bai dubi allon gudu ba, ya dubi taga.

Abin da tafiyar ta ci, ban da mai da masauki, shi ne kamar haka. Awa goma sha biyu da minti ashirin, a maimakon shida. Ruwa galan biyu a cikin kwazazzabo, da ɗaya a gindin taya. Ledar ƙarin ruwa ɗaya da aka sa wa Nola washegari a ƙaramin asibitin da ke mil sittin daga wurin, bisa nacin ma'aikaciyar jinya. Farcen ƙafa biyu, na Orval. Fatar yatsun hannu takwas, nasa. Riga ɗaya da ta yage wajen ɗaukar duwatsu. Tsibi arba'in da uku da aka rushe aka mayar, da biyu da aka gina bisa kuskure aka rushe. Kwana huɗu na sauran tafiyar, waɗanda aka soke aka koma gida.